Godiyar Da Muka Yi A Layin Sabulu

Barka da aiki Malam mai gabatarwa, tare da masu saurare. Ni ce Maman Rifkatu daga Sabon Tasha.

Kwanan baya muna layin sayen sabulu da madara, soja na zagaye mu da bulala, sai ga wani mutum da rikoda, wai an aiko shi jin ra'ayin jama'a. Ya ce da ni, "Mama, yaya kike ganin tafiyar ƙasar nan?"

Malam, an sallami mijina daga masaƙa, kuma ba kullum nake ɗora tukunya ba. Amma mu ba a koya mana kai kuka wurin baƙo ba, ga shi soja yana bayana. Na ce, "Sai godiya." Hajiyar da ke gabana ta ce, "Alhamdulillahi." Haka kowa ya amsa.

Jiya na ji muryata a rediyo, ana cewa talakawa sun gamsu. Mijina ya dube ni, ya kashe rediyon.

Ku ba ni shawara. In na faɗi gaskiya ina tsoron bulala, in na yi godiya a ce na ƙoshi. In mutumin nan ya dawo, me zan ce masa?