Fitilar da Namadi Ya Liƙe

A bencin wani gareji a Tambuwal, Namadi direba na jiran bakanike ya fito daga ƙarƙashin tsohuwar bas ɗinsa. Wani dattijo da ya kawo gyaran babur ya matso kusa.

"Mi ya same ta, malam?"

Namadi ya gaji da wannan tambaya, amma ya amsa. "Shan mai da baƙin hayaƙi, Baba. Hanyar Kebbe ko a gangare shaƙewa take. Na canza fulogi, na wanke tanki, duk a banza."

"Bakanike fa, mi ya ce?"

"Wai sansa ce ta mutu. 'Yar aba ce jikin salansa, ita ke shinshina hayaƙi ta faɗa wa inji man da zai sha."

"Ba ta nuna maka alama ba?"

Namadi ya shafa fuska. "Wata fitila ta kama gaban sitiyari tun bara. Fasinja suka dame ni da tambaya, na liƙe ta da baƙin salatif."

Dattijon ya daɗe yana kallon motar, hannunsa dafe da ƙirji.

"Tun azumi likita ya ce in koma," ya ce. "Ɗiyana na ta tambaya. Ce musu nake na warke."