Sola Ko Mangwaro?

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Garba ne daga Makera.

Tun da kuka ce gwamnati za ta sa wa gidaje sola, nake mafarki ido biyu: fanka tana juyawa, matata Ladi tana sayar da ƙanƙara, ni ina karatu ba zufa.

Jiya mai rubuta sunaye ya ce, "Baba, mangwaron nan ya rufe kwanonka, sai an sare."

Ladi ta ce, "Malam, inuwar da muke gani za ka ba wa wutar da muke ji a rediyo?"

Mahaifina ya shuka shi, ga kuma gatarin aro a gefena. Jama'a, wanda sola ta iso gidansa ya kira. Ko mutum ɗaya ne, zan sare.