Kafar Iskar Ɗakin Kwana

A shagon kayan gini, wani tsohon magini ya ji mutumin da ke gefensa yana tambayar siminti.

"Me za ka liƙe, ɗana?"

"Kafar iskar ɗakin kwanana, Baba. Ba ta da amfani."

"In ka toshe ta ruf, da damina bango zai yi gumi, tufafinku su yi fumfuna. Sa mata raga, ɗaki ya samu numfashi."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Raga tana tare minshari? Maƙwabta sun fara gaishe ni suna murmushi."

Maginin ya danne dariya. "Naka ne ko na maiɗakinka?"

"Ni dai ban taɓa jin nawa ba."

"To, kai kaɗai ka rage a layinku."