Kujerar Sa'a

A layin bas, bayan an tashi daga sinima a São Paulo ta Brazil, Dona Neuza ta kasa yin shiru.

"Fim ɗin nan da ƙarin gishiri. Soja na kwashe mutane, yaro hankalinsa na kan ƙwallo?"

Dattijon da ke gabanta ya juyo. "A gidanku mai zama kujerar sa'a yana tashi ana kallon wasan ƙwallo?"

"Wa ya isa? Ai sai a zura mana ƙwallo."

"To, ni ke kanta a shekarar 1970, ranar wasan ƙarshe na Kofin Duniya, da sojoji suka zo tafiya da babana. Daga bakin ƙofa ya kira ni mu yi sallama."

"Ka je?"

"Cewa na yi ya jira a tashi wasa, baiwar Allah. Kofin dai mun ɗauko shi."