Gara a Ƙarƙashin Filin Ƙwallo

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Tsira da amincinsa su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Dagacin garinmu, ranka ya daɗe. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Noma da dattawan unguwanni. Baƙinmu na Saulawa da Furana, da mutanen Likoro da suka zo cin kasuwa suka tsaya saboda mu. Iyayena maza, iyayena mata da ke bayan zana. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Zainulabidin, malamin aikin hannu na wannan makaranta. Ina gode muku da kuka amsa kira cikin wannan zafi na bazara, a lokacin da kowa ke sharar gona yana gyaran fartanya. Na san ba ku saba a tara ku ranar Litinin ba, na kuma san wasu sun zaci rabon kyauta za a yi. Ba shi ba ne. Ku yi haƙuri da ni, domin tun ranar Juma'a hankalina bai kwanta ba, abinci ma ba na jin ɗanɗanonsa.

Maganata uku ce. Ta farko, fili. Kowa ya san gonar da ke gabas da makaranta, inda 'ya'yanku ke buga ƙwallo, gonar Malam Ashafa ce. Da na je roƙonsa bayan girbi, ga abin da ya ce da ni, yana nan zaune zai gyara mini in na yi kuskure: "Malam, na ba ku aro har ruwan shuka. In hukuma ta yarda ta ba ni musaya a wani wuri, gona ta zama ta yara har abada. In kuwa ruwa ya sauka ba a yi ba, zan zuba dawata, don ina da bakuna goma sha ɗaya a gida." Babu mai zargin Malam Ashafa, ni ma ban zarge shi ba. Ya yi abin da da yawa cikinmu ba za mu iya ba.

Mun rubuta wa jami'in ilimi, ya aiko da amsa cewa tun da aka sami mulkin kai, shekara huɗu ke nan, kowane ƙauye neman fili yake, kowa takarda yake aiko masa, ya gaji da karatu. Ya ce wanda ke so ya nuna masa da ido abin da zai yi da filin. Zai sauka Ikara ranar Alhamis ɗin nan, yini ɗaya tak, kuma ba zai sake zagayowa ba sai bayan damina.

Magana ta biyu ita ce abin da muka gina domin ya gani. Bara na je Kaduna, na leƙa babban filin wasan da ake ginawa, na dawo abin bai bar raina ba. Na ce bari mu yi ƙaraminsa irin na wasan yara, mu ce da jami'i ga inda muka dosa, ko da jikokinmu ne za su ƙarasa. Yaranku suka kwaɓa laka, suka riƙa zubawa cikin kwalin ashana suna fitar da ƙananan tubala, har dubu shida da ɗari huɗu, ban da waɗanda awaki suka tattake a wurin shanya. Baba Bobbo magini, wanda ya gina rabin sorayen garin nan, da farko dariya ya yi mana. Ya ɗauki ɗaya tsakanin yatsu biyu ya ce, "Wannan tubali ne ko alewa?" Kwana biyu bayan haka sai ga shi da tabarmarsa. Wata huɗu ya yi a durƙushe a rumfar sana'a, mutum mai shekara saba'in, yana jera su ɗaya bayan ɗaya da tsinke a madadin cokalin gini. Matakalar zama hawa tara ya yi, da ƙofofi huɗu, da rumfar manyan baƙi. Malama Zulaihatu da 'yan matan ajinta suka sassaƙa 'yan kallo da ɓargon kara, har da mai tallan gyaɗa a bakin ƙofa. Tsawonsa taku huɗu, faɗinsa taku uku, yana zaune a kan tsofaffin ƙyamare uku da muka haɗa muka shimfiɗa a ƙasa. Wallahi jama'a, abin ya yi kyau. Ban taɓa sa hannu a abin da ya kai shi kyau ba.

A nan ne zan faɗi laifina a gabanku, domin gara in faɗa da bakina. Da aka gama gini, sai na ga tsakiyar filin jar ƙasa ce, alhali ina son jami'i ya ga ciyawa shar. Malama Zulaihatu ta ce a rina garin katako a barbaɗa. Na ƙi. Na ce mu 'ya'yan manoma ne, abin kunya ne mu yi ciyawar ƙarya. Muka watsa gero a tsakiya, muka shiga ba shi ruwa safe da yamma, in ya yi tsawo mu rage da almakashi. Baba Bobbo ya kira ni gefe ya ce, "Malam Zainulabidin, katako ne a ƙasa fa. In ka riƙa jiƙa shi kullum, gara za ta ji danshi ta zo. Bari in ɗora shi a kan duwatsu in zuba toka." Na ce masa duwatsu za su karkatar da ginin, na kawo masa bayanin awo irin na kwaleji. Ya dube ni ya ce, "To, kai ne malami."

Gero ya tsiro, ya yi kore gwanin sha'awa. Ranar Juma'a da safe Malama Zulaihatu tana shara ta ga hanyar gara ta hau gefen katako. Ta kira ni. Na danna da ɗan yatsa, yatsan ya shige kamar cikin tuwo. Mun duba ko'ina, ƙyauren tsakiya saura fata kawai. Ginin yana nan tsaye lafiya lau, duk wanda ya leƙa zai ce babu abin da ya same shi, amma abin da ke riƙe da shi ya tafi. In muka ɗaga shi yadda muka shirya, zai rabe biyu kafin ya kai gwiwa.

Na je gidan Baba Bobbo ina jiran faɗa, na ma fi son ya yi faɗan. Bai yi ba. Ya zo ya durƙusa ya daɗe yana ƙwanƙwasawa, sannan ya ce, "Akwai dabara ɗaya, amma sau ɗaya ake yin ta. In ta ɓaci, shi ke nan, ni kuwa gwiwata ba za ta sake wata huɗu ba."

Wannan ce ta kawo ni magana ta uku, wato roƙo. Za a haƙa 'yan ramuka a ƙarƙashin ginin, a zura azara takwas ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure su da igiya, sannan a ɗaga gaba ɗaya da murya ɗaya, yadda kuke ɗora jinka a kan ɗaki. Wanda ya riga ɗan'uwansa da ƙiftawar ido ya karya shi, wanda ya makara ma ya karya shi. Saboda haka ba ƙarti kawai nake nema ba, masu jin kira nake nema. Malam Usmanu, kai ne ka saba ba da murya a duk jinkar da aka ɗora a garin nan, ina roƙonka a gaban iyayenmu ka zaɓo mutum talatin da biyu da ka yarda da kunnensu, sha shida su ɗauka, sha shida su karɓe su.

Ba za mu sa shi a mota ba. Kun san hanyarmu, kun san yadda lori ke yi da tukwanen da ake kaiwa kasuwa. A kafaɗa za a kai shi Ikara, a hankali, mu tashi Laraba bayan sallar asuba. Ina roƙon azara takwas, busassu, miƙaƙƙu, ga duk wanda ya tanada domin rufin soro, za a mayar masa. Ina roƙon iyayenmu mata asabari da tabarmi na lulluɓawa, da ruwan sha a hanya. Ina kuma roƙon kada wanda ya shiga rumfar nan daga yau, ko don kallo, domin takun ƙafa ma tsoro yake ba ni.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: magidanta talatin da biyu su bar sharar gona su ɗauki kayan wasan yara! Gaskiya ne, kayan wasa ne. Amma yara ɗari da ashirin ne suka murza lakar nan da hannunsu, kuma kowannensu ya yarda cewa in aka yi aiki mai kyau, manya za su duba. Ni na faɗa musu haka. Ban san da wace fuska zan shiga aji ba idan ya zamana ba jami'i ne ya ƙi ba, mu ne muka kasa kai masa.

Saura abu guda, wanda ya fi ƙarfina ya fi ƙarfin Malam Usmanu. Duk kun ga gabas jiya da la'asar. Hadari ya haɗu, ya yi duhu, sannan ya watse. Ku kun yi murna da haɗuwarsa, kuma kuna da gaskiya. Ni kuwa ina tsaye a bakin rumfa ina duban ginin nan. Ɗanyar laka ce, ruwa ɗaya a hanya ya isa ya mai da ita taɓo, kuma ruwan nan shi ne wa'adin Malam Ashafa.

Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya ƙara wa Baba Bobbo lafiya, ya albarkaci gidan Malam Ashafa da zuriyarsa. Allah ya raya mana yaran nan, ya ba masu ɗauka ƙarfin kafaɗa da haɗin kai, ya mai da baƙinmu gida lafiya. Malam Liman, yanzu za ka rufe mana taro, na kuma san za ka roƙa mana ruwa kamar yadda ka saba a wannan lokaci. Ka roƙa, Allah gafarta Malam. Ni ɗan manomi ne, ba zan buɗe baki in ce kada a yi ruwa ba, Allah ya tsare ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunan kowa. Amma idan kun ɗaga hannu kuka ji amin ɗina ta makara, ku yafe mini. Zan faɗe ta da ƙarfi ranar Alhamis da yamma.

Na gode.