Jar Motar da Khamisu Yake Gogewa

Khamisu na jiran motar haya ta danfo a tashar Obalende sai wata jar mota mai buɗaɗɗen sama ta maƙale a gosulo, daidai gabansa. Wani dattijo da ke tsaye kusa da shi ya ce, "Samari, wannan kuwa za ta kai miliyan talatin?"

"Talatin? Casa'in da biyar, Baba. Kuma asara ce. Ƙofa biyu kacal, bayanta ko buhun shinkafa ba zai shiga ba. Ramin titin Agege ɗaya ya isa ya gama da ita."

"Ga hadari kuma ya taso. Yau mai ita zai jiƙe sharkaf."

"Ba zai jiƙe ba. Maɓalli ɗaya zai danna, cikin sakan goma sha biyar rufin ya rufe."

Dattijon ya juyo ya dube shi. "Kai da ka ce asara ce, a ina ka san duk wannan?"

"Gadi nake a inda ake sayar da su. Wata biyar, kullum da safe ni nake goge ta. Jiya mutumin nan ya shigo da gajeren wando ya saye ta, ko ragi bai nema ba."

"To, Allah ya ba ka taka."

Khamisu bai ce amin ba. Yayyafi ya fara, rufin ya taso a hankali, shi kuwa yana ƙirga sakan a ransa.

"Dubi yadda yake miƙa ƙafa da ƙyar, Baba. Ko kujerar bai iya gyarawa ba. Tana nan yadda na bar ta, daidai tsawona."