Fitilar Mai Ginar Rijiya

A tashar Madawa, wani malamin dabbobi ya tsaya wurin dattijo mai gyaran lagwanin fitila.

"Baba, fitilar gwangwanin nan kai ka ƙera ta?"

"Ni na yi ta. Rijiya muke gina cikin dajin Keita, wata guda can muke kwana. Kwalbar kananzir ɗaya ta ishe ni."

"Ni tocilata kwana huɗu ta cinye pil. Hannunka na da albarka, Baba. Amma bayan wunin gina, mi za ka yi da haske?"

Dattijon ya aje fitilar.

"Boko nike koyo. Ɗiyata na rubuto mini daga Yamai. Na gaji da kai ma mutane su karanta mini damuwarta."